ƘIBAR YARA: DALILANTA DA HANYOYIN RIGAKAFI

A ƙasar Hausa, idan aka ga yaro ɓul-ɓul, kumatu sun cika, akan yaba wa uwarsa, a ce ta iya goyo. Wannan yabo yana da asali. Shekara da shekaru yunwa da tamowa su ne manyan abokan gaban yara, saboda haka duk yaron da ya yi jiki akan ɗauka ya tsira. Har gobe tamowa ba ta rabu da ƙasar nan ba. Amma ga wata matsala ta biyu ta fara shigowa birane, wato ƙibar da ta wuce kima. An ɗauki birnin Bauchi a matsayin misali a cikin wannan bayani, domin abin da ke faruwa a can shi ne ke faruwa a sauran manyan garuruwan Nijeriya.

MECE CE ƘIBA?

Jikin ɗan Adam kamar rumbu yake. Abincin da yaro ya ci, jiki yana amfani da shi wajen numfashi, da girma, da tafiya, da wasa. Abin da ya yi saura sai jiki ya mai da shi kitse ya ajiye. Idan kullum abin da ke shiga ya fi abin da ake kashewa, kitsen zai yi ta taruwa har ya zama cuta.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wannan sha'ani ido yakan yaudari uwa. Hanyar da ta tabbata ita ce awo. Ma'aikacin lafiya yana auna nauyin yaro da tsawonsa, ya gwada su da shekarunsa a kan jadawalin girma, sa'an nan ya rubuta a katin awo. Da wannan ne ake gane ko yaro ya rame, ko yana daidai, ko nauyinsa ya wuce misali.

Ya kamata kuma a rarrabe ƙiba da kumburi. Yaron da ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, kuma in an danna bayan ƙafarsa da yatsa wurin ya lotsa bai dawo da wuri ba, tamowa ce mai tsanani ta kama shi. A garzaya da shi asibiti a ranar.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 1990, kashi 8 cikin 100 na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce misali. Zuwa 2022 adadin ya kai kashi 20 cikin 100, wato sama da miliyan 390 a duniya, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin cuta. A da ana ganin wannan matsalar ƙasashe masu arziki ce, irin su Amurka da Ingila. Yanzu ta bazu cikin ƙasashe masu tasowa, musamman a birane.

A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 2 kuma nauyinsu ya wuce misali. A Jihar Bauchi waɗanda suka tsumbure sun fi rabi. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce misali.

Waɗannan alƙaluma suna koyar da abu biyu. Na farko, ƙiba ba ta yi yawa a tsakanin ƙananan yara ba tukuna, don haka yanzu ne lokacin tare ta. Na biyu, tamowa da ƙiba suna iya zama a unguwa ɗaya, har ma a gida ɗaya, domin tushensu yakan zama ɗaya: abincin da ke cika ciki amma ba ya gina jiki. Likitoci sun gano cewa yaron da aka haifa da ƙaramin nauyi, ko ya tsumbure yana ƙarami, idan daga baya aka cika shi da zaƙi da maiƙo, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini in ya girma.

ABUBUWAN DA KE KAWO ƘIBA

Tun da Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, garin ya yi ta faɗaɗa har ya wuce ganuwa, unguwanni irin su Yelwa da Fadaman Mada suka cika da jama'a. Zaman birni ya kawo ci gaba mai yawa, amma ya sauya cimar yara da yadda suke motsa jiki.

1. Kayan zaƙi. Lemon kwalba, da lemon kwali, da alewa, da biskit, da cakulan, yanzu ana samunsu a kowane kanti da kowace ƙofar makaranta. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya ƙunsar sukari fiye da ƙaramin cokali 10. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gida su ma, in aka zabga musu sukari, illarsu ɗaya ce da ta lemon kwalba.

2. Abinci mai maiƙo da na leda. Taliyar leda, da cincin, da fanke, da soyayyen dankali suna da yawan mai ko gishiri, amma amfaninsu ga jiki kaɗan ne. Masar Bauchi ta yi suna a ƙasar nan, kuma ba laifi a ci ta da miyar taushe. Laifin shi ne a riƙa yi wa yaro karin kumallo da ita kullum, ana tsoma ta cikin sukari.

3. Rashin motsa jiki. A da yaro yakan taka zuwa makaranta, ya je aike, ya ɗebo ruwa, da dare kuma ya fita dandali a yi langa ko gaɗa. Yanzu yara da yawa a mota ko Keke Napep ake kai su makaranta, in sun dawo sai su zauna gaban talabijin ko su riƙe wayar salula har dare. Filayen wasa na unguwanni kuma gine-gine sun cinye da yawa daga cikinsu.

4. Kuskure wajen shayarwa. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ake shayarwa da nonon uwa zalla. Saurin ba jariri madarar gwangwani, ko koko mai sukari a bulumboti, yana saba masa da zaƙi tun yana goye.

5. Shagwaɓa. Wasu iyaye da kakanni sukan rarrashi yaro da alewa duk lokacin da ya yi kuka, ko su tilasta masa ya cinye abin da ke cikin kwano ko da ya ƙoshi.

6. Gado da ƙarancin barci. Yaron da iyayensa ke da ƙiba ya fi saurin yin ƙiba. Haka kuma yaron da ba ya samun isasshen barci yakan yawaita ciye-ciye.

ILLAR ƘIBA GA YARO

Yaro mai ƙiba yakan gaji da wuri, ya riƙa haki, ya yi munshari da dare, gwiwoyinsa su riƙa ciwo. Abokansa sukan tsokane shi, har ya tsani wasa, wani ma ya tsani makaranta. Mafi muni shi ne, yawanci ƙibar kan bi shi har girma, ta jawo masa ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da kitse a hanta. Waɗannan cututtuka ne da ake jinyarsu har iyakar rai, suna kuma cinye dukiyar gida.

HANYOYIN RIGAKAFI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abubuwan da ake bukatar kowane gida ya kiyaye:

1. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta ci abinci mai gina jiki.

2. A shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Daga nan a fara ba shi kunun gero ko na dawa da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, ba tare da sukari ba, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

3. A riƙe abincin gargajiya: tuwon dawa, da na masara, da na gero, da acca, tare da miyar kuka, ko kuɓewa, ko zogale, ko alayyafo. A haɗa da wake, da alala, da kifi, da ƙwai, da nono. Duk waɗannan ana samunsu a Kasuwar Wunti da Kasuwar Muda Lawal, da kowace kasuwa ta ƙasar nan.

4. In yaro yana son abu mai zaƙi, a ba shi gwanda, ko gwaiba, ko mangwaro, ko kankana, ko goruba. In yana jin ƙishirwa, a ba shi tsabtataccen ruwa.

5. Maimakon kuɗin tara, gara a zuba wa yaro abincin gida ya tafi da shi makaranta.

6. Yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na wasan da zai sa shi gumi kowace rana, kamar ƙwallo, ko langa, ko tsallen igiya, ko hawan keke. 'Yan mata ma suna da wannan bukata daidai da maza.

7. Kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya. Mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a rana.

8. Iyaye su fara da kansu. Uban da ke shan lemon kwalba a gaban ɗansa ba zai iya hana shi ba.

AIKIN MAKARANTU DA HUKUMA

Shugabannin makarantu su lura da irin abin da ake sayarwa a ƙofar makaranta, su tanadi ruwan sha, kada kuma su soke darasin motsa jiki. Masu unguwanni da dagatai su tsare filayen wasa kada a mai da su shaguna. Gwamnatin Tarayya, a nata ɓangaren, ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari a cikin Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022.

GARGAƊI

Kada a hana yaro mai ƙiba abinci, domin yana cikin girma. Kada a ba shi shayi ko ƙwayoyin rage teɓa, kada kuma a yi masa gori. Haka nan kada a ba siririn yaro maganin sa ƙiba, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, domin yana kumbura jiki, yana raunana ƙashi, yana kuma iya jawo ciwon sukari. Duk wanda ke shakkar nauyin ɗansa ya kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna shi. In akwai bukata, za a tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙwararru na Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Lafiyayyen yaro shi ne wanda nauyinsa ya dace da tsawonsa da shekarunsa, yana wasa, yana barci, yana fahimtar karatu. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.