Babu Wata "Task Force 141" a Dajin Tsafe

Wani saƙo na ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Furfuri, Bunguɗu da Gusau. Wai wata rundunar Turawa mai suna Task Force 141 ta sauka Zamfara a asirce ta share dazukan Tsafe, don haka kowa ya koma gonarsa ta nesa, hanyar Gusau zuwa Funtuwa ma ta biyu ko da tsakar dare. An haɗo da hoton wani soja da ya rufe fuska da zanen ƙoƙon kan mutum, da bidiyon jirgi yana ruwan wuta cikin duhu.

Sojan nan sunansa Ghost, kuma ba uwar da ta haife shi. Shi da rundunar tasa ƙirƙira ce ta wasan Call of Duty: Modern Warfare 2, wanda ya fito a 2009. Yaran da ke yini a shagon gem za su gaya maka haka kafin ka rufe baki. Zancen da ake haɗawa da saƙon wai harsashi ba ya huda sojojin nan kuwa, bai cancanci amsa ba.

Akwai ɗan gaskiyar da aka jingina ƙaryar a kai. A Oktoban 2020 sojojin Amurka sun shigo arewacin Najeriya sun ceto wani Ba'amurke da aka sace kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, a Disamban 2025 kuma Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato. Amma duka biyun, kafin a kwana biyu hukumomi sun faɗa da bakinsu, duniya ta ji. Masu aiki a nan ma ba a ɓoye suke ba: ga dakarun Fansan Yamma, ga Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "ku koma, daji ya yi tsaf". Wannan jimlar tana iya cin rai. Hujjarta kaɗai bidiyon nan ne, shi kuwa duk alamun wasa sun bayyana a jikinsa. Kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cak, mai wasan Arma 3, ya gaji da ganin ana yaɗa wasansa da sunan yaƙin Yukiren, har a 2022 ya fitar da alamomin gane na bogi: hoto dishi-dishi, kyamara na rawa da gangan, kusan kullum da dare, ba ka ganin mutum yana motsi, hayaƙi da wuta kuma ba sa tashi yadda na gaske ke yi. Ku sake kallon naku da wannan idon. Ku kuma nemi abu guda na ƙasarmu a ciki, ko kuka ɗaya, ko rufin kwano, ko muryar Bahaushe.

Ban ga laifin wanda ya yarda ba. A 2017 ma'aikatar tsaron Rasha kanta ta wallafa hoton wasan waya a matsayin hujjar yaƙi, balle manomin da ya shekara yana hangen gonarsa daga nesa, hatsi na ƙarewa a rumbu. Mai jin yunwa ba ya tsayawa binciken wanda ya ce an sauke tukunya.

Sai dai daji ba ya karanta WhatsApp. A Afrilun 2023 a Wanzamai, kan wannan hanya ta Tsafe, mutum kusan 80 aka kwashe, galibi yara da mata da suka shiga daji neman itace. Ba ina cewa hanyar ba ta biyuwa ba. Motoci na bi kullum, wani lokacin lafiya lau. Abin da na tabbatar shi ne saƙon nan bai san komai game da ita ba. Direban da ya shigo tasha yanzu ya sani, mai unguwa da askarawan yankin sun sani, su za a tambaya kafin a ɗauki fartanya.

Wanda ya fara haɗa saƙon kuwa ba ruɗuwa ya yi ba. Sai da ya nemo hoton, ya yanke sunan wasan daga jikinsa, sannan ya rubuta "a tura wa 'yan'uwa don Allah".