Sabulun gida: kuɗin wanke-wanke ya tsaya a aljihu

Masu tuwo-tuwo a kasuwannin Madawa, Buza da Keita sun san abin da sabulu ke ci cikin ribarsu. Mun ƙara gani a 2023, da aka rufe iyakar Najeriya, kayan kanti suka yi tsada.

Alhali kayan haɗin suna ƙofar gidanmu. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya don tare iska, kuma 'ya'yansa suna ba da mai. Ga na aduwa da na gyaɗa. Kakanninmu da ruwan tokar karan gero suke dafa sabulun salo.

Yau mata da yawa soda suke sawa: wajen giram 135 ga kilo 1 na mai. A narkar da ita cikin ruwa, a bari ya huce, a juye kan mai, a yi ta juyawa har ya yi kauri, a zuba a mazubi.

Amma hattara! Soda ake zubawa cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kanta. Tana cin tukunyar alminiyam, tana ƙona fata, kuma yaro ya sha ta, maƙogwaro ya lalace. A bar sabulun ya sha iska mako 4 kafin ya taɓa kwano.