Idan An Haifi Jariri Ba Dubura, A Duba Zuciya Da Ƙoda Ma

Uwargida, ranar da kika haihu, kafin a shiga hidimar barka, ki sa ungozoma ta duba duburar jaririn da idonta. Kashin farko, baƙin nan mai danƙo, ya kamata ya fito cikin awa 24. In bai fito ba, ko ciki ya fara kumbura, kada a jira suna, kada kuma a kira wanzami ya "buɗe". A wuce asibiti.

Kusan jariri ɗaya cikin 5,000 ake haifa da toshewar dubura. A 'ya mace abin yakan ɓuya, domin kashin na iya bi ta wata 'yar kafa kusa da gabanta, sai a ga tana ɓata zani a ɗauka lafiya lau, har a yi watanni.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wannan lahani sau da yawa ba ya zuwa shi kaɗai. Ƙarshen hanji, mafitsara, ƙoda da ƙasan kashin baya duk a 'yan makonni guda ake halittarsu, kafin ciki ya cika wata biyu. Shi ya sa cututtukan ke shiga juna, har likitoci kan yi muhawara kan sunan da za su ba yaro ɗaya. Akwai wanda ake kira VACTERL, mai haɗa kashin baya, dubura, zuciya, hanyar abinci, ƙoda da hannu ko ƙafa. Akwai wanda ƙasan kashin baya bai gama fitowa ba. Mafi tsanani shi ne wanda ƙafafu biyu suka haɗe kamar jelar kifi, kuma galibi ƙodar ce ke hana irin waɗannan jarirai rayuwa.

Don haka idan likitan tiyatar yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya ce a ɗauki hoton zuciya da ƙoda kafin aiki, Maigida, kada ka ce neman kuɗi ne. Ramin da ke zuciya na iya sauya yadda za a ba da maganin barci.

Yawanci ba a san dalili ba, kuma ba abin da uwa ta ci ba ne. Amma akwai guda da muka sani: ciwon suga da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki yana ninka haɗarin lahanin ƙasan kashin baya sosai. A kantinmu na magani a GRA, yawancin mata sai ciki ya kai wata huɗu suke neman folik asid, alhali lokacin da yake kare jariri daga lahanin kashin baya ya wuce. A fara shi wata uku kafin ciki, maikurogiram 400 kullum. Mai ciwon suga, ko mai shan valproate don farfaɗiya, likita kan rubuta mata miligiram 5. Mai farfaɗiya kuwa kada ta daina maganinta da kanta. Ta gaya wa likita tana son haihuwa tun kafin ta ajiye tsarin iyali.