Me Ke Sa Beyar Ta Far Wa Mutum?

A ƙarshen watan Satumba na 2023, wata beyar ta hallaka mata da miji da karensu a gandun dajin Banff da ke Kanada. Ba baƙin daji ba ne, har abincinsu sun rataye shi yadda ƙa'ida ta tanada. Da ma'aikata suka harbe dabbar, sai suka tarar tsohuwa ce mai fiye da shekara 25, a rame, haƙoranta sun lalace, ga lokacin sanyi ya ƙarato.

Na kawo wannan labari ne saboda mu mazauna Amurka da Kanada, da ba mu taso da sanin wannan dabba ba. Beyar ba mutum take farauta ba. Kafin ta shige rami ta kwanta tsawon watannin sanyi, sai ta tara kitse, don haka a ƙarshen shekara ba ta da aiki sai neman abinci, kuma hancinta ya fi na kare nisa. Yawancin hare-hare kuwa na kare kai ne: ka yi kiciɓis da ita ba zato, ko ka ratsa tsakaninta da 'ya'yanta.

Abin da ya fi damuna shi ne namu laifin. Beyar da ta saba cin shara takan daina tsoron mutum. A gandun Glacier da ke jihar Montana, a dare ɗaya cikin Agustan 1967, beyar biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu, kuma dukkansu sun saba kiwo a juji. To mu da ke fita gashin nama da iyali idan rana ta buɗe, ƙashi da maiƙon da muka bari a wurin, wani bawan Allah ne zai biya kuɗinsu.

Idan kun haɗu, kada ka ruga, domin tana iya gudun kilomita 50 a awa. Ka ja baya a hankali kana magana. Ka riƙe feshin barkono na musamman a ƙugu, ba cikin jaka ba. Babbar nan mai tozo, grizzly, in ta kai maka hari ka kwanta rub da ciki ka kare ƙeyarka. In baƙa ce, kada ka kwanta, ka yi ta dukan fuskarta da duk abin da hannunka ya samu.