Bushewar baki, warin baki da magungunan feshi: matsalar suna da ma'ana

1. Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu muna son mu duba kalmomin da suka shafi miyau da ƙarancinsa, sannan mu ba da shawara kan sunayen da suka dace da magungunan feshi da ake saidawa don jiƙa baki. Takardun da ke cikin kwalayen waɗannan magunguna da faransanci suke zuwa, mai saidawa kuwa yakan taƙaita wa mai saye da cewa «maganin warin baki ne». Za mu nuna cewa wannan fassara tana ɓatar da maras lafiya. Batun ya shafe mu kai tsaye, tun da malami da bakinsa yake aiki.

2. Miyau da aikinsa

Abin da wasu ke kira miyau, wasu yawu, yana fitowa daga manyan maɓuɓɓuga shida, uku a kowane gefe: gaban kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe. Baligi yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kwana guda. Wajen kashi 99 cikin 100 ruwa ne, amma ɗan abin da ya rage shi ke sa santsi, ya kashe tsami, ya kuma rage ƙwayoyin cuta. In miyau ya yi ƙaranci, harshe yakan manne wa ganɗa, sai furucin sautuka irin s, sh, ts da r ya yi nauyi. Duk wanda ya koyar awa biyu cikin hunturu a Damagaram ya san haka.

3. Kalma ɗaya, ma'ana uku

«Bakina ya bushe» tana iya ɗaukar abu uku. Na farko ƙishirwa, wadda ruwa ke kashewa. Na biyu jin bushewa ko da an sha ruwa, watau abin da likitoci ke kira xérostomie. Na uku raguwar miyau da aka auna, watau hyposialie: in mutum yana zaune ba ya tauna komi, miyau ya kasa kai mililita 0,1 a minti. Muna ba da shawarar a tsayar da ƙishirwa ga na farko, bushewar baki ga na biyu, ƙarancin miyau ga na uku.

Rarrabewar tana da amfani don dalilan sun sha bamban. Mafi yawa magunguna ne ke jawo bushewar: na mura da ƙaiƙayi, na damuwa, da masu sa fitsari da ake ba mai hawan jini. Sai ciwon sukari, numfashi ta baki, gashin kansar kai da wuya, da cutar da likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a shekara ta 1933, wadda ke busar da ido da baki tare.

4. Daga bushewa zuwa wari

Mutane da yawa suna ɗora warin baki a kan ciki. Amma kashi 80 zuwa 90 cikin 100 daga cikin bakin yake tasowa. Ƙwayoyin da ba sa son iska suna zaune a bayan harshe da gindin haƙora, suna cin ragowar abinci, suna fitar da iska mai farar wuta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ayyukan Joseph Tonzetich a Kanada, cikin shekarun 1970, su ne suka tabbatar da haka. Miyau ke wanke waɗannan ƙwayoyi. Shi ya sa wari ke ƙaruwa da asuba da lokacin azumi. Ke nan bushewa tana kawo wari, amma ba kowane wari ke zuwa daga bushewa ba.

5. Sunayen da muke ba da shawara

Magungunan feshi iri uku ne, kuma bai kamata su ci suna ɗaya ba.

a) Madadin miyau: ruwa mai kauri da gilisarin ko wani abu mai yauƙi, yana lulluɓe baki na ɗan lokaci. A lura: wasu daga cikinsu da yauƙin tumbin alade ake haɗa su, don haka mai fassara ya wajaba ya karanta jerin kayan haɗi ya faɗa wa mai saye.

b) Mai tsinka miyau: mun aro daga «miyau ya tsinke». Yana da ɗan tsami mai tayar da maɓuɓɓuga, amma ba ya aiki in sun riga sun mutu, kuma yawan tsami yana cin haƙori.

c) Turaren baki: ƙamshi ne kawai, kamar tauna kanumfari. In da barasa a ciki, ƙara busar da baki yake yi.

Binciken ƙungiyar Cochrane na shekara ta 2011 bai sami hujja mai ƙarfi ba cewa wani daga cikin magungunan shafawa ko feshi yana kawar da bushewar baki, ko da yake wani feshi mai maiƙo ya fi na ruwan gishiri sa a ji sauƙi. Saboda haka kalmar magani, wadda ke sa Bahaushe tsammanin warkewa, ta yi wa waɗannan kaya yawa.

6. Kammalawa

Feshi yana sauƙaƙa magana da haɗiya, musamman ga tsofaffi da waɗanda aka yi wa gashi, amma ba ya maye gurbin asawaki, goge bayan harshe da kurɓar ruwa a kai a kai. Wanda bakinsa ya yi makonni a bushe, ga yawan fitsari, awon sukari yake bukata kafin feshi. Abin da ya rage shi ne a gwada waɗannan sunaye uku a gidajen magani na Maraɗi da Tawa, a ga ko masu saye suna fahimtarsu ba tare da ƙarin bayani ba.