Hoton kasuwa da na dabba: 1x ko 2x, wanne za ka riƙe?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, don waɗanda rediyo ta wuce su suna daji ko suna kan hanya.

Maganar ta taso ne daga ƙorafin wani dillali da ya kira mu. Ya ce ya ɗauki hoton ragon Balami a turke, ya aika wa mai saye a can ƙetaren iyaka ta WhatsApp, suka yi ciniki, aka ɗora rago a mota. Da rago ya isa, sai mai saye ya ce sam, wannan ba shi ne na hoto ba, na hoton ya fi ƙaton kai da faɗin ƙirji. Dillali ya rantse rago ɗaya ne. To, gaskiya ya faɗa, shi ma mai sayen bai yi ƙarya ba. Matsalar tana ga inda mai hoton ya tsaya da kuma idon kyamarar da ya yi aiki da shi.

Mene ne waɗannan lambobi?

Gilashin da ke gaban kyamara, wanda haske ke bi ya shiga, shi muke ce wa idon kyamara. Kowane ido yana da lamba a milimita: 28mm, 35mm, 50mm, 85mm, haka dai. Lambar awo ce ta tazarar da ke tsakanin gilashin da wurin da hoto ke sauka a cikin kyamara. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne: in lamba ta yi ƙasa, ido yana kwaso wuri mai faɗi, amma komai ya ƙanƙance. In lamba ta yi sama, ido yana tsukewa, ya jawo abin da ke nesa ya girmama shi.

Ga misali da awo. A ce ka tsaya mita 5 daga bakin wata rumfa. Da idon 28mm, faɗin mita 6 da ƴan kai zai shiga hoton. Da 35mm, kamar mita 5 ne, wato daidai da nisan da ka tsaya. Da 50mm kuwa, mita 3 da rabi kawai za ka samu.

A wayar salula ba kasafai ake rubuta milimita ba, sai dai ka ga 0.5x, 1x, 2x ko 3x a ƙasan allo. Su ma lissafin ɗaya ne. A yawancin wayoyi 1x yana tsakanin 24mm da 28mm. Saboda haka 2x ya kai wajen 50mm, 3x ya wuce 70mm, shi kuma 0.5x yana wajen 13mm, mai faɗi ƙwarai da gaske.

Me ya sa kan rago ya kumbura?

Nan ne fa kan zancen. Wayarka in ka buɗe ta, a 1x take farawa. Da yake idon mai faɗi ne, sai ka ga rago ya yi ƙarami a allo, ƙafarka da kanta ta matsa kusa don ya cika hoton. A ce ragon yana fuskantarka, hancinsa na mita 1 daga waya, gindinsa na mita 2. Abin da ke mita 1 yana fitowa ninki biyu na abin da ke mita 2. Shi ke nan, kai ya zama kamar na ɗan maraƙi, baya ya tsotse.

Yanzu ja da baya zuwa mita 5. Hanci na mita 5, gindi na mita 6. Bambancin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, wanda ido ma ba ya damuwa da shi. Rago ya dawo siffarsa. Sai dai ya yi ƙarami a allo, to a nan ne 2x ke da amfani, sai ka danna shi ya cika maka hoton kana nan inda kake.

Kun ga ke nan, nisa ne ke gyara siffa ko ya ɓata ta. Aikin lambar ido shi ne ta nuna maka inda za ka tsaya. Mai ƙaramar lamba tana tura ka kusa, mai babbar lamba tana mayar da kai baya.

Yadda manyan masu hoton titi suka zaɓa

Akwai masu hoto da sana'arsu ita ce yawo cikin gari suna ɗaukar rayuwar mutane yadda take, ba tare da an shirya ba. Su ma sun daɗe suna wannan muhawara. Henri Cartier-Bresson, mutumin Faransa da ya rasu a 2004, ya yi mafi yawan aikinsa da ƙaramar kyamarar Leica da idon 50mm. Ya kan ɗan ba da tazara, ya jira abu ya daidaita, sannan ya danna. Garry Winogrand na Amurka, wanda ya rasu a 1984, shi 28mm ya riƙe. Don haka dole ya kutsa tsakiyar cunkoso, hotunansa cike suke da mutane ta kowace kusurwa. Da yawa kuma sun tsaya a 35mm, tsaka-tsaki: mutum ya fito sosai, wurin da yake shi ma ya fito.

A nan yankinmu akwai Malick Sidibé na Mali, wanda ya yi kiwo yana yaro a ƙauyen Soloba kafin ya zama mai hoto a Bamako. Hotunan da ya yi wa samari da ƴan mata a wuraren rawa a shekarun 1960 sun zaga duniya, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya a 2007. In ka dubi hotunan, za ka ga yana tsakiyar mutanen, sun san shi, sun saki jiki da shi. Matsowa kusa tana buƙatar yarda.

Darasin da ke cikin labarin na farko da na biyu shi ne kowannensu ya riƙe ido ɗaya har ya saba. Kamar makiyayi ne da sandarsa, ya san iyakar inda take kaiwa tun bai miƙa hannu ba.

To, kai wanne za ka riƙe?

In dabba ɗaya za ka nuna wa mai saye, riƙe 2x. Ga sa ko saniya, ko Bunaji ce ko Azawak, tsaya mita 4 zuwa 5, kamar taku shida ko bakwai. Ga rago ko akuya, taku huɗu ya isa. Ka tsaya ta gefen dabbar, ka sauke waya daidai tsakiyar cikinta. In ka ɗauka daga sama ƙafafu za su gajarce, in ka durƙusa ƙasa sosai za ta yi tsawon da ba ta da shi. Ka yi uku: gefe, gaba, baya. In mai ita ya yarda, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da dabbar don a gane tsayinta. Kada ya koma can baya, wannan tsohuwar dabara ce ta sa rago ya yi kamar ɗan sa, kuma cin amana ce.

In garke ne gaba ɗaya, ko kana so ka nuna yadda kara ta cika ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Lahadi a Illela, koma 1x. Haka nan in buhunan wake ko albasa ne jibge a gindin mota. Amma ka lura da gefe-gefen hoton, don a can ne ido mai faɗi ke miƙe fuska da jiki. Abin da ya fi muhimmanci sa shi a tsakiya.

Shi 0.5x, bar shi sai in wuri ya matse, kamar cikin shago ko sito inda babu wajen ja da baya. Kada ka ɗauki dabbar sayarwa da shi.

In fuskar mutum ce, 2x ko 3x, daga taku biyu zuwa uku. Wanda ya taɓa ganin hancinsa ya yi ƙato a hoton da ya ɗauki kansa da hannu, ya riga ya san dalili.

Wayar da ba ta da ido biyu fa?

Wani ya tambaya ko wannan bayani na masu tsadar waya ne. A'a. Yawancin ƙananan wayoyi ido ɗaya ne ke aiki a cikinsu, in ka danna 2x sai wayar ta yanko tsakiyar hoton ta faɗaɗa shi. Siffar dabba za ta fito daidai, tunda ka riga ka ja da baya. Abin da ke raguwa shi ne kaifin hoto. Da rana tsaka ko da hantsi ba za ka ga illa ba. Amma in ka wuce 2x zuwa 5x ko 10x, hoto zai dagule kamar ruwan tabki bayan garke ya sha. Ka goge gilashin da gefen riga mai tsabta kafin ka ɗauka, ƙurar kara ba ta raga masa. Ka sa rana a bayanka. Wajen aikawa kuma, in akwai kuɗin intanet, danna alamar HD a WhatsApp don kada ya matse hoton da yawa.

Ladabin hoto a kasuwa

Idon da ke jawo nesa yana sa mutum ya ji kamar zai iya ɗaukar kowa a ɓoye. Don Allah a kiyaye. Ka yi sallama, ka nemi izini, musamman ga mata masu tallar nono da fura, da yara, da dattawa. In an ce a'a, mayar da waya aljihu. Sannan kada ka kuskura ka nuna waya wajen shingen jami'an tsaro, ofishin duwan ko kwastam, ko motar soja, ko a wane gefen iyaka kake. Ana iya ƙwace waya, a kuma tsare ka da tambayoyi, kasuwa ta watse kana can.

Ga aikin gida. Ranar kasuwa mai zuwa, zaɓi rago ɗaya. Ɗauke shi ta gaba da 1x daga taku ɗaya, sannan ka ja taku huɗu ka ɗauka da 2x. Ka nuna wa abokin cinikinka duka biyun, ka tambaye shi wanne ne ragon da ke tsaye gabansa. Ku kira mu a shiri na gaba mu ji abin da kuka gani.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare dukiya, ya kai kowa gida lafiya.