Gudummawar Kamfanonin Magunguna Ga Lafiyar Jama'a: Darasi Daga Ikko Da Kano

AGEGE, Ikko — Tsakanin unguwar Hausawa ta Agege da rukunin masana'antu na Ikeja tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A Agege, inda fataken goro da na shanu suka yi zango tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, ana sayar da magani a ƙananan shagunan kemis. A Ikeja kuwa akwai ofisoshin wasu tsofaffin kamfanonin da ke sarrafa shi, irin su May & Baker, wanda aka kafa a Nijeriya a 1944. Saboda haka duk shawarar da manyan kamfanonin magunguna suka yanke, ta kyauta ko ta ciniki, nan da nan takan shafi mazauna wannan unguwa da danginsu na Arewa.

Kyautar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce ta kamfanin Merck na Amurka. A 1987, a ƙarƙashin shugabancin Dokta Roy Vagelos, kamfanin ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta ga duk mai bukata har sai an ga bayan cutar makantar rafi, wadda wani baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa. A 1998 kamfanin da daga baya ya zama GlaxoSmithKline ya bi sahu da maganin albendazole don yaƙi da tundurmi, shi kuma Pfizer ya ware Zithromax don cutar amosanin ido.

Sai dai ƙwayar magani ba ta kai kanta ƙauye. Shirin yaƙi da makantar rafi na Afirka, wanda ya gudana daga 1995 zuwa 2015, ya dogara ne ga horar da mutanen da al'umma suka zaɓa da kansu. Su ne suke bin gida-gida suna auna tsawon mutum da sanda, su ba shi adadin ƙwayoyin da ya dace, su kuma rubuta sunansa a littafi. Daga baya an yi amfani da irin waɗannan mutane wajen raba gidajen sauro da wasu magunguna. A 2018 an dakatar da rabon Mectizan a jihohin Filato da Nasarawa bayan an tabbatar cewa yaɗuwar cutar ta tsaya, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar.

Amma fa Hausawan Agege, waɗanda da yawansu suke da tushe a Kano, ba su manta da abin da ya faru a can ba. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta hallaka dubban mutane a Arewa, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano a kan yara 200, rabinsu da sabon maganin, sauran da wani wanda aka saba da shi. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan Dalar Amurka miliyan 75, inda aka keɓe miliyan 30 don ayyukan kiwon lafiya a jihar.

Asarar amana ta fi wannan kuɗi tsada. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin hujjojin da masu shakka suka riƙa kawowa, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Darasi na gaba daga Ikko ya fito. A watan Agusta na 2023 GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar rufe harkokinsa na kai-tsaye a Nijeriya, a daidai lokacin da ake fama da ƙarancin kuɗin musaya, ya bar rarraba kayansa a hannun dillalai. Farashin magunguna irin su Augmentin da Ventolin na masu asma ya yi tashin gwauron zabo. Magungunan kyauta suna bi ta hannun hukumomin lafiya ne, kuma na wasu cututtuka ne ƙalilan. Mai asma ko hawan jini a Agege da kuɗinsa yake saye.

Akwai kuma misalin Neimeth. A 1997, da Pfizer ya sayar da kashi 60 cikin 100 na hannun jarinsa a reshensa na Nijeriya, ma'aikatansa 'yan ƙasa ƙarƙashin jagorancin Mazi Sam Ohuabunwa ne suka saya, suka ci gaba da sarrafa magani da wannan sabon suna. Masu jarin sun tafi, ƙwarewar da ma'aikatan suka samu ta tsaya a gida.

Idan aka haɗa waɗannan misalai, za a ga cewa gudummawar da ta fi daɗewa ita ce wadda ta bar ƙwararrun mutane a bayanta, aka kuma yi ta da sani da yardar jama'a. Don haka duk lokacin da wani kamfani ya kawo gwajin lafiya ko magani kyauta a unguwa, ya kamata shugabannin al'umma, tun daga fadar Sarkin Hausawa har ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su nemi sanin ko hukumar NAFDAC ta yi wa maganin rajista, wane asibiti ne zai bi lafiyar waɗanda suka karɓa, kuma 'ya'yan unguwa nawa za a horar.

Haka kuma ƙofa a buɗe take ga attajiran Agege su ɗauki nauyin 'ya'yan unguwa a makarantun koyon aikin jinya, ungozoma da haɗa magunguna. Mace da ba ta jin Yarbanci ko Turanci sosai za ta fi sakin jiki ta faɗi ciwonta idan ta tarar da ma'aikaciya mai jin harshenta a babban asibitin Orile-Agege.